Jan Kare, Baƙin Kare: Shin Launi na Kama Zomo?

Da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta busar da ciyawa, sai harkar farauta ta motsa a ƙasar Zazzau. Ko a Tudun Wada, unguwar da ta tashi zamanin Turawa tsakanin ganuwar birni da Sabon Gari, ba a rasa masu kiwon karnuka a bayan gida, suna jiran ranar da za a ɗure su a a-kori-kura a nufi daji da gora da adda. A wajen irin waɗannan mutane, a nan da sauran ƙasar Hausa, sau da yawa ana yanke wa kare hukunci tun yana kwikwiyo. Wani zai ce jan kare ne mai zuciya, wani ya rantse da baƙi, wani ya ce fari ba ya jure wahala. Maganar ba ta wasa ba ce, domin da ita ake sa kuɗi, da ita ake zaɓen wanda za a ciyar da wanda za a kyautar. Abin da hujja ke nunawa kuwa shi ne launi ba ya ƙara wa kare hanci, ko gudu, ko zuciya. Inda yake da tasiri kaɗan ne, kuma ba inda aka fi zato ba.

A fara da gashin kansa. Duk launin da ake gani a jikin kare daga sinadari iri biyu yake fitowa, ɗaya mai ba da baƙi ko ruwan ƙasa, ɗaya mai ba da ja zuwa ruwan ɗorawa. Fari kuwa wuri ne da sinadarin ya yi ƙaranci ko bai kai ba. Ƙwayoyin gado 'yan kaɗan ne ke raba wannan aiki, kuma masana sun san su da sunayensu. Wadda ke sa mafi yawan baƙaƙen karnuka su zama baƙaƙe, a shekarar 2007 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gano ta. Abin da farauta ke bukata yana wani wuri dabam. Sansanar sawu ta dogara ga ƙwayoyin gado wajen 800 masu kula da jin ƙamshi, ninki biyu na abin da ɗan Adam ke da shi. Gudu ya dogara ga faɗin ƙirji, da tsawon ƙafa, da huhu, da tsoka. Naci da rashin tsoro sun rataya ga gado mai rassa da yawa, da kuma horo. A duba karyar da ta haihu a lungu: 'ya'ya shida kwance a gindinta, ɗaya ja, biyu baƙaƙe, sauran dabbare-dabbare, duk nono ɗaya suke tsotso. Idan uwar gwana ce, babu wata hujja da ke nuna cewa gwanintarta za ta bi ja ta tsallake baƙi.

Mafarauci na iya cewa shi ba a takarda ya karanta ba, shekara talatin yana daji, kuma jajayen karnukansa ne kullum ke riga kaiwa ga nama. Bai kamata a ƙaryata shi ba, don abin da ya gani gaskiya ne. Fassarar ce ke da gyara. A unguwa guda, karnukan farauta yawanci dangin juna ne. Idan aka taɓa yin wani jan kare da ya yi suna, kowa zai kai karyarsa wajensa, jikokinsa su cika gari, da yawansu jajaye kuma gwanaye. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Jinin ne ya yi aiki, launin rakiya kawai ya yi, shi ya sa idan aka je wani gari inda gwanin farko baƙi ne, sai a tarar da yabon ya koma kan baƙi. Akwai kuma abin da ya fi wannan ƙarfi. Kwikwiyon da maigida ya sa wa rai shi ake zuba wa dambu da romo, shi ake cire wa kaska, shi ake fara fita da shi bayan manya ya koyi bin sawu. Wanda aka raina tun ranar haihuwa ana barinsa da ƙanzo. Bayan shekara guda na farko ya fi na biyu nesa ba kusa ba, sai a ce ai dama an faɗa.

Duk da haka, kuskure ne a ce launi ba shi da ruwa da komai. Wuri na farko shi ne kunne. Ƙwayoyin da ke ba gashi launi suna da aiki a can cikin kunne, kuma idan babu su, jin kare na iya mutuwa tun yana ɗan makonni. Saboda haka karen da fari ya mamaye kansa da kunnuwansa, musamman mai shuɗin ido, ya fi shiga haɗarin kurumta. A irin karen Turai da ake kira Dalmeshiyan, binciken George Strain na Jami'ar Jihar Luwiziyana ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 ba sa ji da kunne ɗaya ko duka biyu. Karen da ba ya jin kiran ubangidansa ko motsin gafiya a ciyawa, ba shakka za a kira shi rago. Amma wannan lalura ce da ake ganewa cikin sauƙi: a bari kwikwiyo ya yi barci, a tsaya bayansa a tafa hannu, a ga ko kunnensa zai motsa. Farin da ya amsa ba shi da wani aibi. Na biyu shi ne rana. Baƙin gashi ya fi zuƙar zafi, kare kuwa da haki yake sanyaya jikinsa, don haka a zafin Maris da Afrilu ya dace a ƙara lura da baƙin kare wajen ruwa da inuwa.

Na uku ya shafi idon mutum ne, ba ƙwazon kare ba. A cikin busasshiyar ciyawa jan kare na sajewa da dila ko gada, kuma inda ake farautar taro da bindigar toka, sajewar nan na iya jawo masa harsashi. Mafarautan Ingila sun daɗe da sanin haka. Wani limamin coci, John Russell, wanda ake kiran wani irin ƙaramin kare da sunansa, ya fi son farare don a bambanta su da yanyawar da ake kora. Wato a can farin da ake rainawa a nan shi ne abin nema, kuma dalilin ba hanci ba ne, ganuwa ce.

Batun baƙin kare yana da wani nauyi na daban a gari irin Zariya, inda ilmin zaure ke da tushe. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya danganta baƙin kare da shaiɗan a maganar gilmawa gaban mai salla, kuma a kansa ne mazhabar Imam Ahmad ta hana cin abin da baƙin kare wuluk ya kama. Wannan fahimta ce ta malamai da ba a yi wa izgili. Sai dai Imam Malik, wanda mazhabarsa ce aka gada a ƙasar Hausa, tare da Abu Hanifa da Shafi'i, ba su ware wani launi ba. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida sharaɗin horo ta kafa, haka ma hadisin Adiyyu ɗan Hatim, haka kuma Risala ta Ibn Abi Zaid da almajirai ke biyawa: kare ya zama horarre, maigidansa ne ya sake shi, an ambaci sunan Allah. Ko waɗanda suka hana ba su ce baƙin kare bai iya farauta ba. Hukunci suka yi kan halascin naman. Ma'aunin da fiƙihu ya riƙe, wato kare ya tafi in an tura shi, ya saurari ubangidansa, ya fi kowane launi kusa da abin da daji ke tambaya.

Abin da ya sa wannan magana ta cancanci damuwa shi ne ɓarnar da ke biyo baya idan aka mai da launi abin kiwo. Wani bincike da aka buga a 2018 kan karnukan Labrado fiye da 33,000 a Birtaniya ya gano masu ruwan cakulan na rayuwa kimanin shekara 10.7, sauran kuwa 12.1, kuma sun fi fama da ciwon kunne da na fata. Masu binciken sun karkata ga cewa neman launin ne ya sa ake ta haɗa 'yan tsirarun karnuka har jini ya ƙuntata. Haka karen Azawak na Buzayen Nijar da Mali: a ƙasarsa yana zuwa da launi iri-iri, amma ƙa'idar ƙungiyar karnuka ta duniya da ke Beljiyam ta taƙaita shi ga ja da ruwan yashi, mai zane ko marar zane, ta bar sauran a waje. Karen gida na ƙasar Hausa ya tsira daga wannan, shi ya sa yake jure kaska da yunwa da tafiyar yini. Mai kiwo a Tudun Wada da ya nace sai ja, har yana haɗa uba da 'yarsa don kada launin ya ɓace, yana rage wannan juriya da hannunsa. Kuɗin da yake ƙarawa don sayen launi, da ya kai karen asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru an yi masa allurar ciwon hauka da maganin tsutsar ciki, da ya ga bambanci a daji tun kafin damina ta faɗi.