Gani ya kori ji? Masoyan Beatles da hotunan Janairun 1969

A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 ne aka fito da Get Back, fim ɗin da Peter Jackson, mutumin Niyu Zilan, ya haɗa daga tsofaffin hotunan Beatles, shahararriyar ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila. Kashi uku ne, tsawonsu ya kusa awa 8. Babu mai sharhi a cikinsa, sai samari huɗu ƴan birnin Libaful, wato John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr, suna gwajin waƙa, suna shan shayi, suna musu, a cikin watan Janairun 1969. Irin tarbar da masoya suka yi wa fim ɗin ta cancanci nazari, domin ta nuna yadda ɗan Adam ke saurin ɗaukar hoto a matsayin shaidar da ba ta da musu.

Michael Lindsay-Hogg ne ya ɗauki waɗannan hotuna, kuma daga cikinsu ya fitar da Let It Be, fim mai kimanin minti 80. An nuna shi a watan Mayun 1970, wata guda bayan labarin watsewar ƙungiyar ya bazu, saboda haka jama'a suka shiga sinima kamar masu zuwa zaman makoki. Duk wata harara sai suka fassara ta da gaba. Daga nan labari ya kafu har shekara 50: wai watan nan na baƙin ciki ne zalla, kuma wai Yoko Ono, wadda Lennon ya aura a 1969, ita ce ta raba zumunci.

Da Get Back ya fito, sai masoya suka ga abin da ba su zata ba. Ga Lennon da McCartney suna ba'a da dariya. Ga Yoko a gefe tana karanta jarida, ba ta sa baki. Ga McCartney da kansa yana zolayar waɗanda nan da shekara 50 za su ce zamanta a wurin ne ya wargaza su. Nan take da yawa suka yanke hukunci cewa an wanke ta, tsohon labari ya faɗi, gani ya kori ji. Murnar tana da dalili, musamman game da matar da ta sha zagin da aka gauraya da ƙyamar jinsi da ta launin fata. Amma hukuncin ya yi gaggawa, saboda dalilai uku.

Na farko, zaɓe aka yi. Hotunan da ke ajiye sun kai kimanin awa 60, muryoyin da aka naɗa kuwa kimanin awa 150. Wanda ya tsamo awa 8 daga ciki ya tsara labari, ko ya nufa ko bai nufa ba. Haka kuma McCartney da Starr da Yoko da Olivia, matar marigayi Harrison, suna cikin masu shirya fim ɗin. Wannan ba zargin Jackson da ƙarya ba ne. Hasali ma shi ne ya nuna ficewar Harrison daga ƙungiyar ranar 10 ga Janairu, abin da fim ɗin 1970 ya tsallake ɗungurungum. Ashe fim ɗin da ake kira na baƙin ciki shi ne ya rufa asiri, na farin cikin kuwa shi ya tona. Abin da ya fi sauyawa tsakanin 1970 da 2021 shi ne zuciyar mai kallo.

Na biyu, kamara ba ta san kome ba sai watan da ta halarta. Manajansu, Brian Epstein, ya rasu a watan Agustan 1967, ya bar su ba jagora. Kamfaninsu na Apple yana zubar da kuɗi. A ƙarshen watan nan ne Lennon ya gana da Allen Klein, ɗan kasuwar Amurka, har an ji shi a fim ɗin yana yabonsa. McCartney kuwa surukinsa Lee Eastman ya fi so ya riƙe musu dukiya. A Satumban 1969 Lennon ya shaida musu zai fita, a Disamban 1970 McCartney ya kai maganar kotu. Duk wannan a ofisoshin lauyoyi da ɗakunan taro ya faru, inda babu mai ɗaukar hoto. Dariyar Janairu gaskiya ce, amma ba ta warware rigimar da ta biyo baya.

Na uku, da sauran magana a kan cewa an kama su ne ba shiri. Sun san da kamara, har sukan kaɗa jita da ƙarfi don su rufe hirarsu. Ma'aikatan Jackson sun yi amfani da wata manhajar kwamfuta mai rarrabe sauti, suka janye amon jitar, maganar ta fito fili. Akwai kuma hirar Lennon da McCartney a ɗakin cin abinci bayan tafiyar Harrison, wadda aka naɗa da makirufon da aka ɓoye cikin tukunyar furanni. Masoya sun yaba wurin ƙwarai, alhali laɓe ne. An kashe Lennon a 1980, Harrison ya rasu a 2001. Babu wanda aka tambaya daga cikinsu. Ƙaunar mutum ba ta halatta wa kowa sirrinsa.

To, mene ne amfanin fim ɗin? Aikin da ya nuna. An ga McCartney ranar 7 ga Janairu yana ta dukan jitarsa ba alƙibla, Harrison na hamma, har cikin ƴan mintoci waƙar Get Back ta fara tsayuwa da ƙafarta. An ga Harrison yana kukan cewa baiti guda na waƙar Something ya gagare shi wata da watanni, Lennon yana ba shi shawarar ya riƙa cusa duk kalmar da ta zo masa har ta gaskiyar ta samu. An ga yadda zuwan Billy Preston, makaɗin fiyano, ranar 22 ga wata ya gyara zaman, domin ba a faɗa gaban baƙo. Wasan minti 42 da suka yi ranar 30 ga Janairu a kan rufin gidan Apple a Landan, wanda ƴan sanda suka katse, kuma wanda ya zama na ƙarshe da suka yi a bainar jama'a, daga wannan maimaici mai gajiyarwa ya fito.

Mai neman wanda zai ɗora wa laifi ko wanda zai wanke ba zai samu biyan bukata a waɗannan hotuna ba. Mai son sanin yadda ake ƙera waƙa kuwa ya samu makaranta. Tun da an gyara Let It Be an sake fito da shi a 2024, abin da ya fi dacewa shi ne a kalli finafinan biyu a jere, a ga yadda rumbu guda ya ba da labari biyu, sa'an nan a yi hattara da kowanensu.