Aikin da Ke Buɗe Bakin Ɗalibi a Ajin Turanci

Ɗalibi kan yi shekara shida a sakandare yana karatu da Turanci, ya ci jarrabawa, amma in aka ce ya kwatanta wa baƙo hanya sai baki ya yi masa nauyi. Galibi kunya ake ɗora wa laifi. A ganina tushen abin yana cikin irin aikin da malami ke bayarwa, domin kowane aiki da irin maganar da yake haifarwa.

Wanda aka fi sabawa da shi shi ne maimaici: malam ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya. Yana gyara lafazi, amma yaron bai zaɓi ko kalma ɗaya da kansa ba. Muhawarar da aka haddace tun daga gida ma duk kanwar ja ce.

Daga 1979 zuwa 1984, N. S. Prabhu ya gwada wata hanya a makarantun Bangalore da wasu garuruwa, a kudancin Indiya. Maimakon darasin nahawu, sai ya riƙa ba yara aikin warwarewa da Turanci, da taswira ko jadawalin jirgin ƙasa. A littafinsa na 1987 ya kasa ayyukan gida uku. Na farko, wani yana da bayanin da ɗan'uwansa ba shi da shi, dole ya isar masa. Na biyu, a auna bayanan da ke hannu a fitar da sabon sakamako, misali wane jirgi ne zai fi saurin kai matafiyi. Na uku, kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Kowanne da ribarsa. Na farko yana tilasta tambaya da neman ƙarin bayani, musamman in kowa na riƙe da rabin amsar, don babu mai iya yin shiru aikin ya kammala. Na biyu, wanda Prabhu ya fi fifitawa, yana jawo jimloli masu sarƙa, masu ɗauke da dalili da sharaɗi. Na uku ya fi 'yanci, amma masu baki kan mamaye fili, mai rauni ya ce ya yarda ya koma gefe.

Yadda aka gudanar da aikin ma yana da tasiri. Binciken Pauline Foster da Peter Skehan na 1996 ya nuna cewa 'yan mintocin shiri kafin magana suna rage inda-inda, suna kuma ƙara wa jimla zurfi. Martin Bygate kuwa ya gano amfanin sake ba da labari guda karo na biyu: tunda an san abin faɗa, hankali sai ya koma kan yadda za a faɗe shi.

A Nijeriya akwai babban cikas: takardar lafazin Turanci ta jarrabawar WAEC ba da baki ake amsa ta ba, malami kuma abin da za a tambaya yake koyarwa. Ga kuma cunkoson aji. Sai dai cunkoson nan shi ne hujjar raba yara biyu-biyu, domin ta haka rabin aji ke magana a lokaci guda. Malamin da ke son ɗalibansa su iya magana, ya tambayi kansa kafin kowane darasi: wannan aikin zai yiwu ba tare da yaro ya buɗe baki ba? In zai yiwu, to ya sauya shi.