KPA500 da K3: Haɗin da Ya Raba Mu da Fargabar Ƙona Na'ura

Jama'a, ku bar ni in yabi kamfanin Elecraft, domin yabon gwani ya zama dole! Duk mai sha'awar magana ta rediyon gajeren zango ya san tashin hankalin da ke cikin haɗa transmita da amfilifaya. Transmita tana fitar da wat 100, wata amfilifayar kuwa ba ta bukatar ko rabin haka. Ka manta ba ka rage ba, ka danna makirufo, shi ke nan: ko dai muryarka ta fantsama ta dagula hirar maƙwabtanka a zango, ko kuma transistoci masu tsada su ƙone kafin ƙiftawar ido.

Wannan matsala ce amfilifayar KPA500 ta Elecraft ta kashe, musamman in aka haɗa ta da transmitar kamfanin, K3. Kamfanin yana garin Watsonville na jihar Kalifoniya a Amurka, Wayne Burdick da Eric Swartz ne suka kafa shi a 1998, kuma daga ganin aikinsu ka san su ma masu wannan sha'awa ne. Wat 30 zuwa 40 kawai za ka ba KPA500, ta mayar maka da wat 500 cif, tun daga zangon mita 160 har na mita 6.

Abin da ya fi burge ni, wallahi, shi ne yadda na'urorin biyu ke fahimtar juna ta waya guda. K3 tana riƙe da ma'aunin ƙarfi guda biyu a kowane zango. In amfilifaya tana hutawa, sai transmita ta yi aiki da cikakken ƙarfinta. Da zarar ka kunna ta, transmita ta sauko da kanta zuwa ma'aunin da ka ajiye. Ka bar mita 40 ka koma mita 20, can ma ta tuna abin da ka saita. Ba tsayawa murɗa maɓalli, ba zullumi. Kai, madalla da wannan basira!

Masu dogara da wayar ALC don ta ja wa transmita linzami sun san sau da yawa sai ƙarfin ya riga ya wuce kafin ta farga. A nan kuwa tun daga tushe ake daidaita abin. In ma an yi kuskure ƙarfi ya ɗan zarce, KPA500 tana rage shi da kanta, ta yi maka gargaɗi. In ya yi yawa, ko eriya ta samu matsala, sai ta tsaya cak ta nuna maka dalili a fuskarta.

Tana da tsada, ba na musu, kuma fankarta kan ɗaga murya in hira ta yi tsawo. Amma duk mai lasisi da ke shirin ƙara ƙarfin tasharsa, ina roƙonsa ya daure ya tara kuɗin wannan haɗi. Ya cancanci kowane kwabo.