Robinson da tarihin Kurfai: ɗan tsokaci

Limamin kirista ɗan Ingila, Charles Henry Robinson, ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya buga Hausaland da Specimens of Hausa Literature a 1896. Mun yaba da yadda ya adana rubutun ajami. Sai dai a ganinmu ya ɗauki birni mai ganuwa da malamai tamkar shi ne ƙasar Hausa duka. Wanda ya auna Kurfai da wannan mudu zai ce ba ta da tarihi, alhali nata yana bakin tsofaffi da maroƙa: zaman Kurfayawa a Dallol Boso, sarautar Mayaƙi, yaƙin Firhun na 1916. Ɗalibanmu su karanta Robinson, sannan su tafi Filinge su saurara tun masu labarin suna raye.