Tsagin Bango da Ƙadangare: Tsokaci a kan Binciken Jami'ar New Hampshire Game da Cin Zarafin Yara ta Intanet

Gabatarwa

Akwai wani adadi da ya daɗe yana yawo a jaridun Amurka da bakin masu faɗakar da iyaye, wai cikin kowane yara biyar masu shiga intanet akwai ɗaya da wani mugu ya nema da lalata. Asalin adadin shi ne rahoton da David Finkelhor da Kimberly Mitchell da Janis Wolak suka fitar a shekarar 2000, a Cibiyar Binciken Laifuffukan da Ake Yi wa Yara ta Jami'ar New Hampshire. Wannan maƙala za ta auna aikin wannan cibiya ta fuska uku: abin da ya tabbatar, abin da ya kuɓuce masa, da abin da ya kamata masu horar da jami'an walwalar yara su ɗauka daga gare shi.

Ruwaya da Ƙaidinta

Babbar falalar binciken ita ce komawa ga masu abin. Maimakon dogara da labaran jarida, masu binciken sun yi hira ta tarho da yara kimanin 1,500 'yan shekara 10 zuwa 17, bayan samun izinin iyayensu, sannan suka maimaita irin tambayoyin ga wasu yaran a 2005 da 2010. Da haka aka samu damar kwatanta zamani da zamani a kan ma'auni guda.

A zagayen farko, kashi 19 cikin ɗari na yaran sun ce an yi musu maganar batsa ko an nemi su yi abin da ya shafi lalata a cikin shekarar da ta gabata. Nan ne tushen "ɗaya cikin biyar". Sai dai rahoton ya zo da ƙaidoji waɗanda masu naƙaltowa suka yar a hanya. Kusan rabin masu yin maganar, a ganin yaran, 'yan ƙasa da shekara 18 ne irinsu. Waɗanda aka matsa wa har da neman haɗuwa ido da ido, ko kiran waya, ko aiko da kyauta, kashi 3 ne cikin ɗari. Ɗalibin Usulu ya san ɓarnar da ke cikin ɗaukar muƙayyadi a sake shi ya zama muɗlaƙi, kuma abin da ya faru da wannan adadi ke nan: an karɓi matanin, an zubar da sharuɗɗansa.

Zagaye na biyu da na uku sun zo da abin da mutane ba su zata ba. Neman lalata ya ragu zuwa kashi 13 a 2005, sannan kashi 9 a 2010, alhali yara sun ƙara yawa a intanet. Abin da ya hauhawa shi ne tsangwama da cin mutunci, daga kashi 6 zuwa 9 zuwa 11, kuma galibi tsakanin yaran da suka san juna.

Hoton da Binciken ya Rusa

A 2008 Wolak da abokan aikinta suka wallafa wata maƙala a mujallar ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wadda suka gina a kan bayanan 'yan sanda game da mutanen da aka kama. Hoton da ke zukatan iyaye shi ne na baƙon da ke ɓoye shekarunsa, ya yaudari ƙaramin yaro, ya sace shi da ƙarfi. Bayanan sun nuna akasin haka. Kashi 5 kacal na masu laifin ne suka yi ƙaryar cewa su ma samari ne. Mafi yawan waɗanda aka cuta 'yan mata ne masu shekara 13 zuwa 15, sun san da babba suke magana, kuma kashi 73 na waɗanda suka haɗu da mai laifin sun koma wurinsa fiye da sau ɗaya. Makaminsa kulawa ce da daɗin baki, yana neman yarinyar da ke cikin kaɗaici, ko wadda aka taɓa cin zarafinta, ko wadda tsakaninta da iyayenta ya yi tsami. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma amfanin wannan bincike shi ne juyo da idon mai tarbiyya daga ƙadangaren zuwa tsagin.

Ya kamata a yi hattara da lafazi a nan. Cewa yarinya ta tafi da ƙafarta ba ya rage laifin babban da ya ja ta, kuma dokar jihohin Amurka ba ta ƙidaya yardar wanda bai kai shekarun yarda ba. Masu binciken sun fayyace haka, amma mai karatu da gaggawa yana iya fitowa da hukuncin ɗora laifi a kan wadda aka zalunta.

Inda Binciken ya Gaza

Na farko, taga biyun da aka leƙa ta cikinsu duka ƙanana ne. Hirar tarho ba ta isa ga yaron da ya gudu daga gida, ko wanda ke tsare, ko wanda mahaifinsa ya hana a yi magana da shi, alhali su ne suka fi kusa da cutarwa. Yarinyar da ke ganin mai cutar da ita masoyi ne kuwa, da wuya ta faɗa wa baƙuwar murya a waya tana cikin gidan iyayenta. Bayanan 'yan sanda su ma na wanda aka kama ne kawai, kuma rahoton 2000 da kansa ya nuna cewa ƙasa da kashi 10 na irin waɗannan al'amura ne aka kai wa hukuma.

Na biyu, zamani ya wuce wani ɓangare na sakamakon. An rufe zagaye na uku kafin waya mai kamara da intanet ta zama a aljihun kusan kowane matashi. Cibiyar ta yi ƙoƙarin cike giɓin: a 2022 Finkelhor da Heather Turner da Deirdre Colburn sun tambayi matasa 2,639 'yan shekara 18 zuwa 28 game da ƙuruciyarsu, suka samu kusan kashi 16 an ci zarafinsu ta fuskar lalata a intanet, kuma mafi yawan masu laifin da aka gane sanannu ne, kamar samari da abokai. Wannan ya ƙarfafa matsayinsu na farko. To amma a daidai lokacin wani salo ya bunƙasa wanda ya dawo da baƙo mai yaudara: mutum ya shiga rigar budurwa, ya karɓi hoton tsiraicin saurayi, sannan ya yi barazanar watsa shi idan ba a biya shi ba. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Nijeriya saboda wannan sana'a. Duk wanda ya mayar da sakamakon 2008 ƙa'ida dawwamammiya, ya faɗa irin kuskuren da binciken ya zo gyarawa.

Darasi ga Horar da Jami'an Walwalar Yara

Tsarin kare yara na Amurka ya tsiro ne daga maƙalar likita Henry Kempe ta 1962 a kan yaran da ake duka, da dokar tarayya ta 1974 da ta biyo baya, don haka idonsa yana kan iyaye da masu reno. Cutar da ke zuwa daga tsara ko saurayi ta cikin waya sau da yawa tana faɗawa tsakanin makaranta da 'yan sanda da ofishin walwala. A nan wani binciken cibiyar na 2007 ya fi amfani. Cikin yara 2,030, kashi 22 sun gamu da nau'i huɗu ko fiye na cin zarafi a shekara guda, kuma tarin nau'o'in ya fi bayyana raunin zuciyar yaro fiye da kowane nau'i shi kaɗai. Ma'anarsa ga ɗalibin wannan fanni ita ce, idan aka kawo masa yarinya saboda saƙon waya, ya tambayi halin gida da makaranta da unguwa, domin ƙwace wayar ba ya ɗinke tsagin. Manhajar da ta ware intanet a matsayin darasi mai zaman kansa ta saɓa wa wannan hujja. Sai dai binciken ya fi ƙarfi wajen ƙidaya da siffantawa, bai ba jami'in cikakkiyar hanyar gyara tsakanin yaro da iyayensa ba, alhali nan ne ya nuna ciwon yake.

Kammalawa

Aikin wannan cibiya ya cancanci karatu a wurin duk mai magana a kan tarbiyyar yara, saboda ya maye gurbin firgita da tantancewa. Amma alƙalumansa na Amurka ne, na wasu shekaru ayyanannu, a kan ma'anoni ayyanannu. Mai ɗauko su zuwa aji ko mumbari, amanar naƙali ta wajabta masa ya ambaci shekarar da ƙasar da abin da aka tambaya, kuma kada ya ɗora su a kan yaran garinsa ba tare da an tambaye su ba. Abin da ke karɓar ɗauka daga wuri zuwa wuri shi ne hanyar: a saurari yaron, a bincika abin da ke damunsa tun kafin ya riƙe waya. Allah ne Mafi sani.