Sutura Biyu: Nazarin Fim ɗin "Guelwaar" da Idon Mutumin Gaya da Ajingi

Nufin wannan takarda shi ne a duba wani wasan sinima na ƙasar Sanagal mai suna Guelwaar, wanda Ousmane Sembène ya shirya, aka fara nuna shi a shekarar 1992, sa'an nan a auna shi da al'adun mutuwa irin na gabashin Kano, musamman ƙasar Gaya da Ajingi. Turawa suna da wani nau'in wasa da a ke ginawa a kan jana'iza: an yi rashi, dangi sun hallara, kafin a kai gawa makwancinta sai asirin gida ya yi ta tonuwa, masu kallo na dariya. Sanannen misalinsa shi ne Death at a Funeral, wanda aka yi a Ingila a 2007, inda wani baƙo ya zo wurin makoki da hotunan abin da mamacin ya ɓoye, yana neman a toshe masa baki da kuɗi. Wannan kuwa ya yi nisa da mu ƙwarai, domin dukan wasan ya dogara ne ga akwatin gawa da a ke ajiyewa a falo, mutane na kai da kawowa a gefensa. Na Sembène ya fi kusa. Ƙasarsa ta Musulmi ce, manoman gero da gyaɗa, masu gaggauta binne mamaci kamar mu, kuma duk da haka ya sami hanyar da ya bi ya yi wasan.

Ga labarin a taƙaice. Wani dattijo Kirista ɗan ɗarikar Katolika, Pierre Henri Thioune, wanda a ke yi wa laƙabi da Guelwaar, watau ɗan asali, ya tashi a bainar jama'a ya yi jawabi mai zafi a kan abincin agaji da a ke kawowa daga ƙasashen waje, ya ce shugabanni sun mai da al'umma mabarata. Ba a daɗe ba aka yi masa dukan da ya zama ajalinsa. Ranar jana'iza 'ya'yansa suka je ɗakin ajiye gawa na asibiti, aka nemi gawa aka rasa. Da wani jandarma mai suna Gora ya bi sawu, sai ya tarar an yi kuskure an ba da ita ga dangin wani Musulmi, Meyssa Ciss, waɗanda suka karɓi takarda da Faransanci ba su iya karanta ta ba, suka tafi ƙauyensu suka yi wa gawar salla suka binne a maƙabartar Musulmi. Kiristoci suka ce sai a tono musu nasu, mutanen ƙauye suka ce ba mai taɓa kabari sai a kan gawarsu. Sauran fim ɗin duka jira ne.

To, wannan jiran shi ne gwanintar farko ta Sembène, kuma a kansa komai ya rataya. Bahaushe yana da kalma guda da ya ke amfani da ita a wurare biyu. Idan an wanke mamaci, an sa masa likkafani, an kai shi, sai a ce an yi masa sutura. Idan kuma an rufa wa mutum asiri, ba a bar abin kunyarsa ya fita waje ba, nan ma sutura ce. Mutanen Sanagal masu harshen Wolof suna da wannan kalma ita ma, daga Larabci suka aro ta kamar yadda muka aro, kuma suna ɗaukarta babbar ɗabi'a ta mutumin kirki. Abin da Sembène ya yi shi ne ya hana a gama sutura ta farko, sai ta biyun ta soma warwarewa da kanta. Muddin ba a binne Guelwaar inda ya kamata ba, masu makoki ba su da ikon watsewa. Suna zaune a gida ɗaya, yini yana tafiya, abinci da abin sha na ƙarewa, baki kuwa idan ya daɗe a wuri ba ya rasa abin faɗa.

Abin lura shi ne irin asirin da ke fitowa. A wasan Ingila da aka ambata, asirin sabon labari ne ga kowa, yana faɗowa kamar aradu. A nan kuwa ba wani abin da ya fito wanda mutanen gidan ba su sani ba tun da. 'Yar mamacin, Sophie, karuwanci ta ke yi a birnin Dakar, kuma da kuɗinta a ke ci a ke sha a gidan. Babban ɗansa, Barthélémy, ya tafi Faransa ya karɓi fasfo ɗinsu, ya dawo ba ya son magana sai da Faransanci, yana raina duk abin da ya gani. Ɗayan ɗan, Aloys, gurgu ne, shi ya zauna da iyaye. Kowa ya san waɗannan, an dai yi shiru ne. Wuri mafi kyau a fim ɗin, a ganina, shi ne inda matar mamacin, Nogoye Marie, ta shiga ɗaki ita kaɗai, ga kwat ɗin da za a sa wa mijinta an shimfiɗa a kan gado ba kowa a ciki, ta zauna tana yi wa tufafin magana, tana tuhumar mai su. Mutumin da ya hana al'umma cin abin roƙo, shi da iyalinsa me suka yi shekaru suna ci? Ba a ɗaga murya ba, ba a yi kiɗa mai sa kuka ba. Mace ce da tufafi kawai, amma a nan ne jarumin ya sauko daga inda jawabinsa ya ɗora shi, ya zama miji kamar sauran mazaje. Marubucin da ya ƙaunaci jaruminsa har ya yarda a yi masa wannan tonon silili, ya san aikinsa.

Haka kuma bai bar gidan Musulmi a rufe ba. A can ma akwai amaryar Meyssa Ciss, yarinya ƙarama, tana cikin takaba amma hankalinta na kan mujallar kayan ado, ta ƙosa ta bar ƙauyen. Kowane gida da abin da ya lulluɓe.

Sai batun dariya. Wannan yanki na gabashin Kano ba baƙon ban dariya ba ne, tun da ya ke marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, daga Ɗanlasan ya fito, can wajen Wudil, maƙwabtan Gaya. Amma dariyar finafinan camama a jikin mutum ɗaya ta ke: ga wawa ko shaƙiyyi ya shigo, shigarsa da maganarsa su ne abin dariya, in ya fita dariya ta fita. A Guelwaar ba wawa ko ɗaya. Kowa da gaske ya ke yi, kuma gaskiyar tasa ce ke ba da dariya. Barthélémy yana yi wa jandarma barazana da jakadan Faransa a kan gawar ubansa ɗan Sanagal. Ɗan'uwan Meyssa Ciss yana riƙe da takardar da ya ke jin ita ce hujjarsa, alhali sunan da ke cikinta na wani ne. Mutane suna shirin zub da jini domin kare kabarin ɗan'uwansu Musulmi, wanda ke ciki kuwa Kirista ne, nasu yana can asibiti ba wanda ya je ɗauka. Mai kallo zai yi dariya, sa'an nan ya tuna cewa sanduna da addunan da ke hannunsu na gaske ne. Mutumin Kano da ya ga abin da ya faru a birni cikin Oktoba 1991, shekara guda kafin fitowar fim ɗin, ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda ƙaramin abu kan zama gobara tsakanin addinai biyu.

Fim ɗin bai kuɓuta daga aibi ba. Jawabin Guelwaar, wanda a ke nunawa ta hanyar waiwaye, ya yi tsawo, kuma a fili ya ke cewa bakin Sembène ne ke magana. Mutanen ƙauyen Musulmi, in aka ɗebe limaminsu Birame, an zana su da gawayi mai kauri, taro ne mai ihu, ba a tsaya an ba kowannensu fuska ba kamar yadda aka ba masu makokin Kirista. Limamin ne ya ceci wannan ɓangare, domin shi ya yarda da gaskiya bayan ta bayyana gare shi, ya tsaya a kan a buɗe kabarin, aka mayar wa mutane da gawarsu. Ƙarshen fim ɗin kuma shi ne inda za a fi yin gardama. A hanyar komowa da gawa, yara da samari suka tare motar abincin agaji, suka farke buhuna suka zubar a ƙasa, ayarin jana'iza ya bi ta kai. An fahimci nufin: maganar mamaci ta tsira a zukatan yara. Amma manomin Ajingi wanda ya san abin da a ke kira bazara mai tsawo da rumbu wayam, wanda uwarsa ta hore shi tun yana ƙarami kada ya taka ƙwayar hatsi, da wuya ya tafa wa wannan. Sembène ya shafe kusan sa'a biyu yana nuna mana cewa girman kan Guelwaar wasu ne suka biya kuɗinsa, watau matarsa da 'yarsa, sai ga shi a minti na ƙarshe ya manta da tambayar wa zai kwana da yunwa saboda buhunan nan.

Yanzu sai mu komo gida. Shin za a iya ɗauko wannan wasa a dasa shi a Gaya? A yadda ya ke, a'a. Wanda ya rasu da asuba a Gaya ko Ajingi, kafin azahar an yi masa wanka, an sallace shi a ƙofar gida, an ɗauki makara. Yawanci a gida a ke mutuwa ko a dawo da mutum gida nan take, kuma makusantansa ne ke wanke shi, saboda haka musayar gawa abu ne mai wuyar aukuwa. Sutura ta farko ba ta ba da ƙofa. Amma wanda ya ce saboda haka Bahaushe ba shi da wurin yin irin wannan wasa, bai duba da kyau ba. Jiranmu yana bayan binnewa.

Tun a wurin jana'iza a kan yi shela cewa wanda ya ke bin mamaci bashi, ko mamaci ke binsa, ya zo ya faɗa wa magada, domin shari'a ba ta yarda a raba gado ba sai an biya bashi, an fitar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Wannan shela kaɗai ta isa buɗe wasa, domin gayyata ce a fili ga duk wanda ya san abin da iyali ba su sani ba. Daga nan sai zaman makoki, maza a waje bisa tabarmi, mata a cikin gida, labari na ratsa zaure yana canza kama. Sai sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in a gidajen da ke yin su, kowacce tana sake tara mutanen da suka rabu da magana a ciki. Matan mamaci suna takaba wata huɗu da kwana goma a gida ɗaya, kishiyoyi ba mai iya gudun wata, kuma tumunin da za su samu in akwai 'ya'ya, ɗaya ne a tsakaninsu komai yawansu. In kuwa aka ce ɗaya tana da ciki, a mazhabar Malikiyya sai a dakatar da rabo har ta haihu. Ga jira wanda ya fi na Sembène tsawo, kuma ba a bukatar kuskuren ma'aikacin asibiti kafin a same shi. A ƙara da cewa mazan wannan yanki sun saba tafiya cin rani birnin Kano ko kurmi. A ce wani ya yi aure a can bai faɗa ba, ranar sadakar bakwai mace ta sauka daga mota da yara biyu da shaidun ɗaurin aure: lissafin gonar gandu duka ya rushe, kuma ba wanda ya yi laifin da alƙali zai kama shi da shi. Ko izinin dariya ma al'ada ta riga ta bayar, domin a wurare da yawa idan tsoho tukuf ya rasu, jikoki su kan ci gaba da wasan da ke tsakaninsu da shi, suna tsokana suna neman rabonsu, ba mai tsawata musu.

Wahalar da marubucinmu zai gamu da ita daban ce. Ladabinmu shi ne a ambaci mamaci da alheri, a bar shi da Ubangijinsa, kuma mai kallo Bahaushe zai juya wa duk wasan da ya ga ana wulakanta gawa baya, ko da hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ta ce komai ba. A nan ne darasin Guelwaar ya fi amfani. Ba a taɓa yin wasa da gawar ba. Kusan ba a ma ganinta. Masu rai ne ke ba da dariya, kuma tuhumar da aka yi wa mamacin daga bakin wadda ta fi kowa haƙƙin yin ta ta fito, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe.

Malaman da ke son nuna wa ɗalibansu wannan fim su sani cewa da Wolof da Faransanci a ke magana a cikinsa, kuma sauyawa daga wannan harshe zuwa wancan wani ɓangare ne na ma'anar, musamman a bakin Barthélémy, wanda sai can wajen ƙarshe ya sauko ya amsa cewa shi ɗan ƙasar ne. Fassarar da a ke rubutawa a ƙasan hoto ba ta nuna wannan bambanci, saboda haka ya kamata malami ya riƙa tsayar da fim ɗin yana faɗa wa ɗalibai wane harshe a ke yi, kamar yadda mai bayanin majigi ya kan yi a dandali a zamanin da.