Sharhi a Kan Ƙubbar Illinois ta Vicksburg

Daga cikin gine-ginen da jihohin Amurka suka kafa a filin dagar Vicksburg don tunawa da mayaƙansu, babu wanda ya kai na jihar Illinois suna. An buɗe shi a 1906, an kuwa kwaikwayi siffar haikalin Pantheon na birnin Rum. Abin da za mu duba a nan shi ne ko ginin ya riƙe amanar tarihin da aka ɗora masa.

A lokacin yaƙin basasar Amurka, Janar Grant ya yi wa Vicksburg zobe daga 18 ga Mayu har 4 ga Yuli, 1863, ran da Janar Pemberton ya miƙa wuya. Da faɗuwar garin da ta Port Hudson bayansa, kogin Misisifi duka ya koma hannun Arewa. Maginan sun mai da wannan lissafi dutse, watau matakala 47, kowace a madadin kwana guda na zoben. A ciki kuma akwai alluna 60 na tagulla ɗauke da sunayen mutanen Illinois 36,325 da suka yi wannan yaƙi. Nan gwanintar ta ke, gama mai hawa sai ya ji tsawon kwanakin a gwiwarsa, sa'an nan ya tarad da ƙaramin soja ya sami gurbi a bango kamar yadda hafsa ya samu. Ba a kuma sa wata alamar makami ba. Lalle wannan abin yabo ne.

Amma fa suna ba ya ba da labari. Wanda ya karanta sunayen rajimanti ta 45 ba zai san cewa ran 25 ga Yuni su ne suka auka ramin da albarushi ya fasa a ganuwar mutanen Louisiana ba, inda aka kwana ana ɗauki-ba-daɗi ba tare da an keta ba. Har wa yau ginin ya yi shiru game da matan gari da 'ya'yansu da suka haƙa koguna a jikin tuddai don gudun harsashi, da kuma bauta, wadda ita ce tushen rigimar. Za a ce ai Illinois nata ta ke kuka, kowa kuwa ya san gawarsa. Gaskiya ne. Duk da haka baƙaƙen sojan da suka tsare Milliken's Bend ran 7 ga Yuni, 1863, sai a 2004 aka kafa musu abin tunawa a wannan fili, kusan shekara ɗari bayan ƙubbar.

Saboda haka hukuncinmu shi ne, ƙubbar ta cika aikin mai ƙidaya, ta bar na marubucin tarihi. Ɗalibin da ya hau matakalan nan 47 ya kamata ya sauko ya nemi labarin waɗanda ke bayan ganuwa.